Bobbo da Ɗinyar Jamus

A zamanin da Jamusawa ke riƙe da Garwa, duk wanda ya ci albasa mai daɗi a garin, to daga lambun Bobbo ta fito. Bahaushe ne, jikan fataken Kano, sunan kuwa wajen uwarsa Bafulatana ya samo shi. Lambun yana bakin kogin Binuwai, gadon mahaifinsa ne, amma da barikin Jamusawa ya faɗaɗa sai shingen ya haɗiye shi.

Wata rana aka kira shi gaban Baturen bariki, wanda 'yan gari ke ce wa Jan Gemu. Jirgin ruwa ya kawo wa Baturen wata 'yar bishiya daga ƙasarsu cikin rabin ganga, tsayinta bai wuce ƙugu ba. Brahim tafinta, mutumin Kuseri, ya tsaya tsakani.

"Baba Bobbo, ya ce 'ya'yanta baƙaƙe ne, a makare suke nuna, bayan kowace bishiya ta gama. Ba a cin su ɗanye, sai an dafa."

"To ai ɗinya ce."

"Ya ce ba ɗinya ba ce. Wai sanyi take so da laima."

"A Garwa?"

"Ni dai abin da ya faɗa nake faɗa maka. Muddin tana raye, lambu naka ne. Ran da ta mutu, nan za a ɗaure alfadarai."

Bobbo ya dasa ta kusa da rijiya, ya yi mata rumfar zana. Ya rasa inda ake samo sanyi, sai ya tuna da randa. Ya kwashe randunan gidansa ya binne su kewaye da ita, kullum cike da ruwa.

"Malam," in ji matarsa Halime, "mu mu sha ruwan zafi, sanda ta sha na sanyi?"

Da damina ta ɗauke, Jan Gemu ya tafi rangadi Marwa. Yana tafiya ganyen ya soma zuba, har bishiyar ta koma tsinke. Bobbo ya ruga wajen tafinta.

"Kamar na ji yana cewa barci take yi, ta tuɓe ganyenta," in ji Brahim. "Ko kuwa cewa ya yi idan ta tuɓe ta mutu. Ɗaya daga ciki dai."

Bobbo ya san gawo na zubar da ganye, amma da damina yake yi. Wannan kuwa ta wa take bi? Sai ya yi abin da kowane mai lambu ke yi: ya sa farce ya ɗan kankare bawon. Ciki kore shar, da danshi. Ya yi hamdala. Washegari zuciyarsa ta ce ai na jiya na jiya ne, ya sake kankarewa a gefen na farko don ya gwada launi. Halime ta kawo abinci, ta ce idonsa ya tsufa, ta kankare nata. Goni maƙwabcinsa mai tattasai ya leƙo, shi ma ya sa farce. Labarin ɗinyar Jamus ya bazu, masu sayen albasa ba sa tafiya sai sun duba masa ko tana nan da rai, kowa kuma ya sa farce kusa da tabon ɗan'uwansa, saboda kulawa.

Da Jan Gemu ya dawo, sai ya tsuguna ya zagaya da yatsa a wuyan bishiyar. Bawon ya tafi kewaye guda kamar zobe. Ya daɗe yana magana, fuskarsa ta kamo launin gemunsa.

"Ya ce an yanka ta," in ji Brahim.

"Wa ya yanka ta? Wuƙa ba ta taɓa shiga rumfar nan ba."

"Wai ta bawo take cin abinci. Amma kuma ya ce ko ba a taɓa ta ba, zafin nan na iya kashe ta."

"To zafi ne ko farce?"

"Ya ce bai sani ba."

"Lambun fa?"

Brahim ya sunkuyar da kai. "Wannan ya sani, Baba."

Aka ɗaure alfadarai. Goni ya yankar masa gefen lambunsa, a nan Bobbo ya ci gaba da albasa, yana tambayar duk baƙon da ya tsaya ko ya taɓa jin bishiyar da ke barci tsirara. Ba a daɗe ba yaƙi ya zo, Jamusawa suka bar Garwa a farkon damina, shingen ya faɗi. Ba wanda ya ce ya koma, ba wanda ya hana, sai Bobbo ya koma lambunsa.

Rumfar ta rushe, randa ɗaya ta fashe. Tsinken na nan tsaye, a bushe, amma ƙasa da zoben wani ɗan toho ya fito da ganye biyu. Bobbo ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Nata ne, ko wata ciyawa ce ta raɓe ta? Babban yatsansa ya soma matsawa wajen bawon.

"Malam," in ji Halime daga bayansa, "sa hannunka a aljihu."