Mai Tura Mashin

Tun dawowata daga karatu nake shakkar horon 'yan watanni zai ishi mutum kula da masu taɓin hankali. Ga ɗaya daga sababbin mataimakan nas a wani asibiti a Ƙaura Namoda: siririn saurayi, farar rigarsa ta yi masa yawa, da alama aikinsa na farko ne. Tun daga titi yake kashe mashin, yana tura shi cikin rana.

Na ce, "Samari, lalacewa ya yi?"

"Lahiya lau yake, Malam. Wata Inna ce ciki, daga ƙauyen Zurmi. Bisa mashin 'yan bindiga sunka zo sunka kashe ɗanta. Ban sani ba. Na daɗe ina shigowa da shi a kunne, ina mamakin yadda kullum nike iske ta ƙarƙashin gado."