Sakiyar da Ta Ci Mini Yatsa

A shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai ni tela ne a Doka, cikin Kaduna, magidanci, na doshi arba'in, ga ƙiba. Keken ɗinkina na ƙafa ne, da ƙafar daman nan nake ciyar da iyalina. Rumfata tana jikin ta wani mahauci, mutumin kirki, kullum in zai tashi sai ya ƙunsa mini hanta da ƙoda a ganye. Ni kuwa ga kwaɗayi, safe da yamma kayan ciki ne. Ruwa ma ba na sha sosai, wai don kada fitsari ya riƙa tashe ni daga kan keke.

Wata rana na farka da asuba na ga babban yatsan ƙafata ta dama ya kumbura suntum, yana sheƙi, zafi kamar an ɗora garwashi. Ko zani ne ya taɓa shi sai na yi ƙara. Labari ya kai wa baffana a Unguwar Sarki, ƙanen mahaifina, shi ya riƙe ni tun ina yaro, shi ya saya mini keken. Ya zo da wanzaminsa, suka duba, suka ce mataccen jini ne ya taru. Aka kafa mini ƙaho a idon sawu. Baffa kuma ya umarci matata ta riƙa dafa mini farfesun hanta da romon ƙashi, wai a mayar da jinin da aka zuƙe. Bayan 'yan kwanaki kumburi ya saɓe, wanzami ya sha yabo. Ashe ciwon haka yake, ya zo ya tafi don kansa.

Da ya dawo kuwa ya fi na da. Aka sake ƙaho, aka ƙara hanta, ya tafi, ya dawo. Ana nan sai wani ƙulli ya fito a gindin yatsan, mai fari-fari a ciki. Wanzami ya ce mugunya ce ta nuna, sai sakiya. Wallahi raina bai so ba. Matata ta roƙe ni a ɓoye mu je asibiti, na faɗa wa baffa, ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya shiga hannun likitan Turawa ya fito da gaɓoɓinsa cikakku ba, in kuma na fi shi sani to in gaya masa. Wa zai ɗaga ido ya musa wa wanda ya yi masa komai? Na miƙa ƙafa. Aka gasa ƙarfe ya yi ja, mutum biyu suka danne ni, aka soka. Babu wata mugunya da ta fito, sai wani abu fari kamar alli. Har yau in na tuna yadda wanzamin nan ya kalli abin bai gane ba, amma ya ce an dace, zuciyata tafasa take yi.

Gyambo ya kama, ƙafa ta fara wari, keke ya yi ƙura, masu kaya suka kwashe yadinsu suka kai wani wuri. Yayan matata ne ya gaji da kawaici, ya zo ya ɗora ni a bayan kekensa na hawa zuwa asibiti, ko sallama bai yi wa baffa ba. Likita ya duba, mai fassara ya gaya mini wani irin amosanin gaɓɓai ne, abu kamar gishiri ke taruwa a gaɓa, kuma kayan ciki da romon nama da rashin shan ruwa suna tsokano shi. Wato abin da ake ɗura mini da sunan magani shi ke ƙara hura ciwon. Ya ce ciwon kansa ana rayuwa da shi, da ƙwaya da kiyaye baki. Amma ƙashin ya ruɓe saboda sakiya, yatsan dai sai an cire.

Aka cire. Na bar hanta, na kama ruwa, na rage jiki, ciwon ya lafa, sai jefi-jefi. Na koyi taka keke da ƙafar hagu kamar sabon ɗan koyo, da furfurata.

Na yafe wa baffa don hakkinsa a kaina, amma fushin bai bar ni ba, har da na kaina da na yi shiru. Jama'a, in gaɓa ta kumbura tana zafi, a nemi wanda ya san ciwon kafin ƙarfe ya taɓa ta, kuma kada kunyar manya ta sa mutum ya miƙa jikinsa. Baffa har ya koma ga Allah, duk wanda ya zo gaishe shi, in ina wurin, sai ya nuna masa ƙafata, ya ce ai ya faɗa, asibiti yanke mutane suke yi.