Wata Takwas Ina Jan Igiya

Sau ɗaya tak na taɓa tsayawa a kan ruwa, kuma tsayuwar ba ta fi tsawon karanta Fatiha ba. An haura shekara talatin yanzu, amma har yau idan na ji kukan injin jirgin ruwa daga nesa sai in ajiye abin da ke hannuna in kasa kunne.

A lokacin ina ɗan shekara ashirin da huɗu, sabon ango, ina gyaran inji a wani gareji a unguwar Sauka Kahuta a Minna. Ina zaune da matata a gidan mahaifina, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗa taragu a tashar Minna. Ina da wani aboki ɗan ƙauyen Garatu, Kirista, ɗan manoman doya, wanda ya samu aikin tuƙa wa wani Bature jirgin ruwa mai inji a dam ɗin da ake aiki a wajen gari. Baturen injiniya ne, jirgin kuma na shaƙatawarsa ne ranar Asabar.

Wata Asabar abokin nan ya faɗo gareji yana haki, wai inji ya ƙi tashi. Na ɗauki kayan aikina muka tafi. Datti ne kawai ya toshe hanyar mai, amma kafin in gano haka na ja igiyar tayar da injin nan har kafaɗuna suka mutu. Da ya tashi, Baturen ya yi murna, ya ɗauko wani katako mai santsi wanda bai kai tsawon ƙyaure ba, an yi masa maɗaurin ƙafa biyu. Ya ɗaura doguwar igiya a bayan jirgi, ya shiga ruwa ya zauna, ya riƙe sandar da ke bakin igiyar. Abokina ya ba inji wuta. Sai ga mutum ya miƙe tsaye a kan ruwa yana gudu, yana ratsa kumfar da jirgin ya bari a baya, daga dama zuwa hagu. Na saki baki kamar ɗan ƙauye.

Da ya gama ya miƙo mini katakon yana dariya. Na iya iyo, a kogin Chanchaga na koya tun ina yaro, na kuma sha bulala a kansa, saboda haka ban tsaya ja da baya ba. Aka sa mini rigar da ke hana nitsewa. Sau biyar ina faɗuwa, na sha ruwan dam ɗin nan har cikina ya yi nauyi. A karo na shida hannuwana sun riga sun gama mutuwa, ko lanƙwasa su ba na iyawa. Na riƙe sandar kawai na bar su a miƙe, na ce a raina abin da zai faru ya faru. Jirgi ya ja, ruwa ya danno ƙirjina, sai na ji ya sake ni. Na duba ƙasa na ga ƙafafuna a kan katako, katako a kan ruwa.

Ban san yadda zan kwatanta abin ba. Iska ta cika mini baki, duwatsun bakin dam suna wucewa, ƙasan ƙafata yana ta wata 'yar karkarwa mai daɗi. Nauyin jikina duk ya tafi. Da yake ni mutum ne mai son a sani, sai na saki hannu ɗaya na ɗaga wa masu kallo a bakin ruwa. Nan take na kifa.

Sati na zagayowa sanyi ya sauka. Baturen ya tafi ƙasarsu hutun Kirsimeti, aka jawo jirgin aka ɗora a kan tsofaffin tayoyi, aka lulluɓe da tamfol. Na tambayi abokina yaushe za a mayar da shi ruwa. Hausarsa irin ta kasuwar Minna ce, ba ruwansa da mace ko namiji. Ya ce, "Makaniki, ka manta da shi tukuna. Sanyi ya wuce, ruwa zai sauka, kututture duka zai fito. Jirgi ya taka daya, cikinsa ya fashe. Sai damina ya cika dam." Na ƙirga a yatsuna, wata takwas ke nan.

A hanyar komawa gida na yi wa kaina hukunci. Na ce abin da ya kayar da ni sau biyar rashin ƙarfin hannu ne, kuma ranar da jirgin nan zai koma ruwa zai tarar da wani mutum daban. Ban tambayi kowa ba. Ni da nake gyara injin da ya gagari wasu, wa zai koya mini riƙe igiya?

Na samo guntun katako wajen kafinta, na ɗora shi a kan wani gutsuren bututun ƙarfe a tsakar gida. Na ɗaure igiya a jikin mangwaron gidanmu, na yanko ƙotar fartanya na yi mata mariƙi. Kullum bayan sallar asuba, lokacin da mutanen kirki suke ƙudundune a bargo ko suna jin wuta, ni ina kan katakon nan daga ni sai gajeren wando. In durƙusa, in miƙe, in jawo igiyar zuwa ƙirjina, in sake, in jawo. Katako ya mirgina in sha ƙasa, in tashi in hau. Kaji ma sun daina gudu idan na faɗi.

Matata takan leƙo daga ɗaki da zane a ka, ta ce, "Maigida, yau ina muka nufa? In kun isa Legas ka sayo mini ɗankunne." Ko ta ce in yi a hankali kada in nitse a tsakar gida a rasa mai ceto. Raina yakan ɓaci, amma ita ce dai take dafa mini ruwan zafi ta gasa mini kafaɗu.

Da na ga mangwaro ba ya isata, sai na koma rijiya. Muna da rijiya a ƙofar gida wadda rabin unguwa ke ɗiba, da gugan roba na tsohuwar tayar mota. Na ce daga yau ni ne mai ja. Kafin sati biyu labari ya bazu, sai in fito in tarar da bokitai da tukwane a jere har bakin titi. Matan unguwa suna ta sa mini albarka, wata tsohuwa har ƙosai take kawo mini. Sun ɗauka tsoron Allah ne ya kama ni, ni kuwa jirgi nake gani a ƙasan rijiyar. Rani yana nisa ruwa yana ƙara yin ƙasa, ana ƙara wa igiya tsawo, ni kuma murna nake yi, don kowane guga ya ƙara nisan ja. Tafin hannuna ya yi kanta har ba na jin zafin kofin shayi.

Lokacin haƙar doya abokina ya kai ni Garatu. Na yini ina loda doya a mota, mahaifiyarsa tana kallona tana faɗa masa wani abu da yarensu suna dariya. Ya ce cewa ta yi in dai wannan wasan ruwan ne ke sa mutum aiki haka, a kai sauran 'ya'yanta ma su gani.

Mahaifina bai ce komai ba sai da aka yi wata uku. Wata safiya yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi, ya daɗe yana kallona ina fama da mangwaro. Ya ce, "Kai, zo nan. A wannan abin naku, wa ke jan wani? Kai ko jirgin?"

Na ce, "Jirgin ne, Baba."

Ya ce, "To ni dai na ga kai kake ja. Shekarun da na yi a tasha ban taɓa ganin tarago ya jawo kan jirgi ba. Nasa ya riƙe ƙugiya da kyau, ya bi."

Na ce, "Baba, wannan ba jirgin ƙasa ba ne." Ban ɗaga murya ba, amma ya ji abin da ke ƙarƙashin maganar. A raina cewa nake yi tsohon da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, me ya sani? Ya ce Allah ya taimaka, ya ci gaba da jan carbinsa, bai sake tayar da zancen ba.

Abin da ya fi ci mini rai a watannin nan ba gajiya ba ce, kewa ce. Duk ranar Lahadi nakan hau keke in tafi dam ni kaɗai. Ruwa ya ja baya ya bar taɓo ya tsattsage, kututturan bishiyoyin da dam ya cinye sun fito baƙi ƙirin, balbelu suna zaune a kansu. Nakan tsaya in nemi daidai wurin da na tsaya a kan ruwa, sai in ga busasshiyar ƙasa ce har shanu suna kiwo. In ɗaga gefen tamfol in shafa jikin jirgin. Akwai ranar da na zauna a cikinsa a kan tayoyin nan har la'asar ta wuce ni. Ban taɓa kewar mutum yadda na yi kewar ruwan nan ba, kuma ina jin kunyar faɗin haka, don a lokacin ina da amarya a gida.

Da ruwan sama ya fara sauka na kafa wani dutse a bakin dam ina auna tashin ruwa da shi. Ya cinye dutsen, na kafa wani. Kututturan suka nitse ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa riguna sun matse ni a damtse, a gareji ni kaɗai nake ɗaga abin da mutum biyu ke ɗagawa.

Sai ga abokina wata Alhamis, fuskarsa ba walwala. Ya ce Bature ya dawo, amma aikinsa ya ƙare. Ranar Litinin za a ɗora jirgin a babbar mota a tafi da shi. Asabar ɗin nan ce ta ƙarshe, kuma man da ya rage tanki ɗaya ne.

Na isa tun kafin su iso. Baturen ya ga damatsana ya yi fito, ya matsa su yana dariya. Shi ya fara hawa, ya yi zagaye biyu ya fito, ya ce sauran man nawa ne. Na shiga ruwa, na sa ƙafafuna a maɗauri, na riƙe sanda.

Jirgi ya ja. Na fara tasowa da sauƙi, har gwiwoyina sun fita daga ruwa. Sai hannuwana suka fizgo igiyar zuwa ƙirjina, yadda suka saba fizgo guga. Igiya ta saki ta yi laƙwas, babu abin da ke riƙe da ni, na faɗi rigingine. Na ce ba komai, na farko ne. Na biyu ma haka. Na uku ma haka.

Abokina ya juyo da jirgi kusa da ni. Baturen ya miƙe hannuwansa biyu sambal yana nuna mini, yana girgiza kai. Abokina ya ce, "Makaniki, kada ka ja! Bar hannu a mike. Jirgi ne zai ja ka, ba kai ba." Maganar Baba ce sak, a bakin wani. Na gane sarai, babu abin da ya shige mini duhu. Na ce wa hannuwana ku miƙe, suka miƙe. Amma da zarar sun ji nauyi a bakin igiya sai su manta da ni, su yi abin da na koya musu kowace asuba. Na cije leɓe, na zage su, na zagi rijiya, na zagi mangwaro. A banza.

A nan ne na tuna yadda aka yi na tashi a karon farko. Hannuwan nan sun mutu ne, shi ya sa suka bar jirgi ya yi aikinsa. Sai na daina faɗa da su, na ce bari in yi ta faɗuwa har su gaji. Na faɗi sau goma, na faɗi sau goma sha biyar. Ƙafafuna suka fara rawa, numfashina ya yi sama, hancina yana zafi saboda ruwa. Hannuwana kuwa ko a jikinsu. Wata takwas na yi ina hana su sanin gajiya, kuma sun ji magana.

Ina cikin ruwa ina gyara ƙafa don wani karon, sai na ji injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ni makanike ne, ba sai an gaya mini ba. Abokina ya ɗaga tankin ya girgiza, ya ajiye, bai dube ni ba. Da filafili suka tuƙo jirgin zuwa gaɓa, ni kuma ina biye a baya a cikin ruwa, riƙe da sandar, hannuwana a miƙe.

Da na koma gida matata ta fito da tsokanarta a baki, ta ga fuskata ta haɗiye. Baba yana kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ban tashi ba." Ya dube ni ya ce, "Je ka canza kaya, kada sanyi ya kama ka." Har ya bar duniya bai taɓa cewa ai na gaya maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Jirgin ya tafi ranar Litinin, ban je na gani ba, ban kuma sake ganin irinsa a dam ɗin ba. Washegari da asuba na ji ƙarar bokitai a ƙofar gida, an jera su har bakin titi kamar kullum. Na tsaya a soro na daɗe ina kallonsu. Daga nan na fita na ɗauki guga.