Maganar Baffa a Kan Burtali

Wata ranar kasuwar Illela ce, farkon damina, ina aji huɗu na firamare, na dawo daga tallan nono na tarar da baƙuwa a rugarmu da ke bayan Kalmalo. Ɗan kabu-kabu ne ya sauke ta, da jaka a baya da kyamara rataye a wuya, ta tsuguna tana gaida Innata cikin guntun Fulatanci. Sunanta Anti Rabi, daga Sakkwato. Ta ce fim take haɗawa a kan rayuwar makiyaya, ita kaɗai, ba gidan talabijin ne ya aiko ta ba.

Duk daminar nan tana zuwa tana komawa. Ta ɗauki Inna tana tatsa da safe, ta ɗauke ni ina wanke ƙwarya da kaɗa nono har mai ya taso, ta bi yayyena kiwo ƙaya na yagar mata zane. Mu yara muka samu sabon wasa. Muna gina kyamara da laka, mu liƙa mata murfin kwalba, mu bi maruƙa muna ba su umarni su tsaya. A makaranta kuwa har 'yan aji shida suna neman zama kusa da ni.

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, bai damu da wannan duka ba. Abu ɗaya ke cin ransa: burtalin da shanunmu ke bi zuwa tafki. Kowace shekara gonaki na ƙara cinye shi, har ya zama saniya biyu ba sa wucewa a jere. Ya kai kuka inda ya san ana kaiwa, ana ce masa za a duba. Rannan ya ja Anti Rabi har wurin, ya tsaya tsakanin gero da gero yana nuna tsohuwar iyaka da sandarsa. Da ransa ya ɓaci sai Hausa ta guje masa, ya koma Fulatanci, ni nake fassara mata. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba, bai kuma zagi kowa ba.

Bayan girbi ta dawo da fim. Aka rufe tagogin ajinmu da zannuwa, aka tada janareta, manoma da makiyaya suka cika ɗakin. Muka ga Inna, muka ga ƙoren da ta jera, aka yi ta shewa. Sai ga Baffa a burtali, bakinsa na motsi, sandarsa na nuni, amma abin da ke fita busar sarewa ce. Mutane suka kwashe da dariya.

A waje Baffa ya tare Anti Rabi. "Ɗiyata, mi na yi maki da kika rufe mani baki?"

Ta sunkuyar da kai. "Baffa, duk inda na kai shi cewa suke in cire zancen gona, wai zai tada rigima. Al'ada suke so. In na ƙi, ba mai haska shi."

Ta ba shi wani faifan da maganarsa take cikakkiya. Ba mu da abin kallonsa. Ya naɗe shi a tsumma ya kai wa masu faɗa a ji, suka karɓa da hannu biyu, shi ke nan. Da damina ta zagayo shanunmu suka faɗa gonar wani maƙwabci da muke cin abinci tare, aka yi shari'a, gaisuwa ta mutu tsakanin gidajen biyu. Baffa ya kora garken ya tsallaka Nijar da yayyena, ya bar mu da Inna a cikin gari saboda karatuna. Daga nan sai sallah zuwa sallah muke ganinsa, har Allah ya karɓi ransa a can.

Ban riƙe Anti Rabi a zuciya ba, ta yi iya ƙarfinta. Haushina yana kan waɗanda suka so ganin adonmu, suka ƙi jin damuwarmu. Yau kowane yaro a tashar Illela yana da kyamara a aljihu, kowa na iya faɗin tasa duniya ta ji. Wurin da burtalin yake kuwa gona ce shimfiɗe, ba ko alama. A lokacin da maganar Baffa za ta yi amfani, ba a bari an ji ta ba.