Ruwan Kanwa da Ƙirjina

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ba ku ji ni ba. Ban mutu ba, amma na leƙa.

Tun ina yaro a Madarunfa, zamanin Nasara, nake jin raɗe-raɗin cewa ba iskan tabkin garin ne ya kashe babana ba kamar yadda aka ce, wai kitse ne ya toshe masa hanyar jini. Ban yarda ba. Mai awon gyaɗa, mai jiki, mai kumatu, wa zai ce akushinsa ne ajalinsa?

Abin da na gani da idona shi ne, in ya taso daga kasuwa sai ya tsaya ya dafe ƙirji. Inna ta jiƙa masa kanwa, ya sha, ya yi gyatsa, ya cusa taba a baki ya ce ya warke. Ran da kanwa ta ƙi, a bakin ma'auni ya faɗi. Bai kai hamsin ba.

Bana hanyar masallaci ta fara yi mini tsawo. Nauyi a ƙirji kamar an aza mini buhun gero, har ya sauka hannun hagu. Mi na yi? Na ce a jiƙa kanwa.

Sati uku ina gyatsa ina ɓoyewa.

Wata Talata da hantsi, ina zaune a inuwa, zufa ta karyo mini. Matata Hajiya ta dube ni.

"Malam, ko ka shiga mota da ƙafarka, ko in tara maka unguwa."

"Kanwa dai..."

"Na zubar."

A Maraɗi aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka auna tansiyo, wato hawan jini. Lokotoro ya daɗe yana kallon takarda.

"Baba, jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta tsuke. Kanwar ma ƙara maka tansiyo take. Akwai wanda ya mutu kwatsam a gidanku?"

Hajiya ce ta amsa, ta ba shi labarin babana.

Kwana tara na yi kwance. Bijimai biyu suka tafi a magani.

Yanzu ƙwayoyi kullum, ba taba, gishiri kaɗan, tafiya bayan la'asar. Man shanu sai dai ƙamshinsa daga gidan maƙwabci.

Alhamdu lillahi. Duk wanda ya yi addu'a, Allah Ya saka. Ku auna tansiyo da suga tun kuna lafiya. In ƙirji ya yi nauyi, mota za a nema, ba kanwa ba.

Da na dawo gida, yayata Hassu ta zo dubiya da sandarta. Ta ce, "Ina wurin sadda anfirme, malamin asibiti, ya ce wa Inna a hana Baba kitse da taba. Muka ce wa zai hana maigida?"

Ita ta gaya mini daga ƙarshe, kuma ita na yarda da ita.