Goggo Florrie, Wadda Ta Ja Gimbiya Kan Kufai

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 1941, Allah ya karɓi ran Goggo Florrie Gadd, mai suyar kifi da dankali a layinmu na bakin tashar jiragen ruwa, gabashin Landan. Jiragen Jamus sun yi wata da watanni suna nemanki, Goggo, ba su same ki ba. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke ki, a kan gado, a tsakiyar mutanenki. Ko a nan kin fi ƙarfinsu.

Ni Elsie, bango ɗaya ne tsakanin gidana da naki tun ina amarya. Ban taɓa ganin yaro ya tsaya ƙofar shagonki hannu banza ya tafi da yunwa ba. Zagi dai zai sha, amma da ƙunshinsa mai zafi zai koma.

Ba zan manta safiyar da bam ya cinye rabin layinmu ba. Maza na tonon gidan Hurrell, inda maƙwabciyarmu Peggy da jaririnta suke a danne, sai ga wani jami'i da takalmi mai sheƙi. Ya ce wata gimbiya daga gidan sarauta na tafe duba ɓarna, don haka a ajiye shebur a ɗauki tsintsiya, a share mata hanya. Waɗanda ke ƙasa, in ji shi, ai sun riga mu gidan gaskiya.

Kika dube shi sama da ƙasa. "Ɗan nan, kai ka yi musu wanka?"

"Baba, umarni ne daga sama."

"Daga sama bam ma ya zo. Shi ma ba mu bi nasa ba."

Duk da haka ya janye mazan. Da motar gimbiyar ta iso, aka jera mu bayan igiya da 'yan tutoci a hannu. Ke kuwa kika sunkuya ta ƙarƙashin igiyar, da zanen aikinki mai warin mai, kika kama hannun gimbiya kafin ɗan sanda ya ankara.

"Zo, 'yar nan. Ba a nan ɓarnar take ba."

Ta bi ki. Kika hau da ita kan tubalan da suka zube, kika daka wa layin tsawa kowa ya yi tsit. A cikin shirun nan muka ji ana buga bututun ruwa daga ƙasa, a hankali. Gimbiyar ta juya ta kalli jami'in nan. Da kansa ya ruga ɗauko shebur.

Kafin la'asar aka zaro Peggy da karyayyar ƙafa, jaririn manne a ƙirjinta yana tsala kuka. Jarida ta buga hoton gimbiya a kan kufai, aka yanke ki daga hoton, sai gwiwar hannunki kawai ta fito. Kika yi dariya, kika naɗe wa wani kifi a cikinta.

Peggy ta zo jana'izarki da sanda, yaron a kafaɗarta.

Allah ya jiƙanki, Goggo, ya yafe miki kaifin harshe saboda taushin zuciyarki, ya ba ki makwanci inda jiniya ba ta kuka. Ke kuma Ivy, 'yar Goggo, Allah ya ba ki haƙurin rashin uwa, ya dawo da ƙanenki Wilf lafiya daga teku ya ga kabarinta.

Mu kuwa muna nan layinmu. In jiragen Jamus na nemanmu, sun san hanya.