Jirgin Alhamis da Ba Mu Shiga Ba

Jama'a, abin nan da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Lokacin ina zaune a ƙauyenmu can wajen Gidan Amumune, da damina in yi noma, da rani in yi kabu-kabu da babur tsakanin ƙauyuka da kasuwar Mayahi. Yayana Illa shi yana Abijan yana tireda. Ya zo gida ya yi wata biyu ya koma, ya bar matarsa Sa'a da ciki, ta haifi ɗiya mace aka sa mata Nana, har yarinya ta kai wata takwas uban bai taɓa ganinta ba sai a hoton waya. Da aka gama girbi sai ya kira ni ya ce ya kama ɗaki, in ɗauko su in kai masa.

To ni fa ban taɓa wuce Maraɗi ba a rayuwata, shi ya sa na tafi wurin Alhaji Ɗan Jimma, wani dattijo a garinmu da ya daɗe yana fataucin goro a can, muka yi yamma uku muna zama a zaurensa, yana faɗa ina rubutawa a takardar lakwal, irin ta 'yan makaranta. Ya ce mu shiga kar, wato babbar motar bas, zuwa Yamai, mu kwana a tasha, mu sake wata zuwa Wagadugu, kada kartin dantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da takardar rigakafi su bar aljihuna saboda kan iyaka. Daga Waga kuma ya ce mu shiga jirgin ƙasa, don mai goyo ta fi samun sarari, tana iya tashi ta miƙe ƙafa ta wanke yarinya, ba kamar mota ba. Jirgin ba kullum yake tashi ba, sai muka lissafa kwanaki muka tsayar da na Alhamis. Na kira Yaya Illa na faɗa masa, ya ce zai jira mu a tashar jirgi.

Saura kwana huɗu mu tashi na hau babur na tafi Tasawa yankan tike, don motocin da ke tasowa daga Damagaram ta nan suke bi, kuma ina da aboki a tashar da zai kama mana wurin zama mai kyau. Na gama, na juyo gida da rana tsaka. Wanda ya san hanyar nan ya san yashi ne zalla, ga gonaki an cire gero sai karare a tsaye. Ina cikin tafiya babur ya mutu, haka kawai, alhali na sha mai cike a Tasawa. Na buga, na buga, shiru.

Ina ɗaga kai sai na ga mutum zaune gindin wani gawo, kan akwatin ƙarfe irin na da. Dattijo ne siriri, da kwat baƙa duk zafin nan, da wata hula mai baki kamar ta ma'aikata. Na yi masa sallama ya amsa, na ce, "Baba, mota kake jira? Yau ba ranar kasuwa ba ce, da wuya ka samu."

Ya ce, "Jirgi nake jira, ɗana. Ya kusa."

Na yi dariya a raina na ce wannan tsufa ne ya taɓa shi, don duk ƙasarmu ina aka ga jirgin ƙasa. Na durƙusa ina duba fulogi. Sai na ji ya ce, a hankali kamar mai karanta takarda, "Tasawa, Yamai, Waga, jirgin Alhamis. Kai da matar yayanka da jinjira."

Wallahi sai da fulogin ya faɗi daga hannuna. Takardar tana cikin aljihuna a ninke, kuma ban taɓa ganin mutumin nan ba. Na ce, "Baba, wa ya faɗa maka?" Sai ya ce, "Jirgin Alhamis ba na jinjirar nan ba ne. Amma in kun kawo ta, akwai wuri."

Kafin in buɗe baki na ji ƙasa tana rawa ƙarƙashin gwiwata. Da fari kaɗan-kaɗan, sai ta ƙaru, sai wani kuka mai tsawo ya taso daga yamma, da ƙarar ƙarfe kan ƙarfe, kaca-kaca-kaca, tana matsowa tana matsowa har ta zo daidai inda nake, iska mai zafi da warin man gazuwal ta buge ni a fuska, kararen gero suka kwanta gefe guda. Ban ga komai ba fa, fili ne fetal da rana. Na rufe ido ina ta innalillahi har ƙarar ta wuce gabas ta ɓace. Da na buɗe ido babu dattijo, babu akwati, sai gurbinsa mai kusurwa huɗu a cikin yashi. Bugu ɗaya babur ya tashi. Yadda na kai gida ban sani ba.

Ban faɗa wa kowa ba sai Alhaji Ɗan Jimma. Ya ce, "Rana ce ta buge ka, ko kuma ka gamu da mutanen ɓoye, su kuwa ba a gina tahiya kan maganarsu. Ka yi sadaka, ku tahi abinku." Na yi sadaka, muka tafi.

Har Waga lafiya lau. Nana yarinya ce marar rigima, duk tsawon hanyar nan in ba nono ba barci. Ran Laraba muka isa, na yanki tiken jirgi, har na fara jin kunyar tsoron da na yi. Da safiyar Alhamis muka shiga tasha da kayanmu, ga mutane maƙil, masu buhuna, masu kaji. Sai jirgi ya yi kuka. Jama'a, ni da ban taɓa tsayawa kusa da jirgin ƙasa ba, na gane kukan nan. Shi ne na ji a gonakin Tasawa, babu bambanci ko kaɗan.

Na daure, muka bi layi har bakin ƙofar taragonmu. Sa'a tana gabana da Nana a baya. Sai na ga yarinyar tana ɓangale baki tana dariya, tana miƙa hannu sama. Na bi hannunta da ido. Yana tsaye a bakin ƙofa, da kwat ɗinsa da hularsa, ya miƙo hannu biyu kamar mai karɓar goyo, mutane suna wucewa ta gefensa babu mai kallonsa.

Na damƙe gyalen Sa'a na fizgo ta baya, abin da ban taɓa yi ba. Ta juyo a fusace ta ce, "Auta, lahiyarka? Mi ne ne haka a gaban mutane?"

Na ce, "Kin ga tsohon can na bakin ƙofa?"

Ta duba ta ce, "Wane tsoho? Sakar mini gyale, za a cika wuri."

Na ce, "Ki yi haƙuri, ba za mu shiga jirgin ga ba. Ko Yaya zai tsine mini ba za mu shiga ba."

Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce na haukace, na tsaya kan bakana har jirgi ya ja. Nana kuwa da jirgin ya fara tafiya ta tsala wani ihu da ban taɓa jin ta yi ba, sai da ya ɓace ta yi shiru. A nan jikin Sa'a ya yi sanyi, na zaunar da ita na ba ta labari duka.

Wayata ba ta aiki tun da muka ƙetare iyaka. Na roƙi mutane uku a tasha suka kira mini lambar Yaya Illa, ba ta shiga. Washegari muka samu kar, ta lalace a hanya muka yini, ga tsaye-tsaye na kan iyaka, ba mu shiga Abijan ba sai ran Lahadi da hantsi. Da kwatance muka kai unguwarsu. Muna shiga layin na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, 'yan ƙasarmu zaune jugum, ana shafa fatiha. Na ɗauka Yaya ne ya rasu. Sai na hango shi a tsakiya.

Da ya gan mu ya miƙe, ya dubi bayan Sa'a, ya ga Nana tana wasa da ɗankunnen uwarta, sai ya zube ƙasa sumamme. Wasu daga cikin mutanen suka watse da gudu ko takalmi ba su ɗauka ba.

Da ya farfaɗo, shi da abokinsa Salisu da ya raka shi tasha suka faɗa mana abin da ya faru. Ranar da jirgi ya iso sun je tarbar mu, kuma sun gan mu mun sauko, ni da Sa'a, ita riƙe da zanen goyo a hannu babu yarinya. Wai na zo har gabansa, na kama hannunsa na ce, "Yaya, sai haƙuri, Nana ta cika a cikin jirgi, an sauke ta a hanya an yi mata sutura." Ya durƙushe yana kuka, Salisu yana riƙe da shi, da suka ɗago babu mu. Suka neme mu har yamma, suka ɗauka baƙin ciki ne ya sa muka bi taro muka ɓace. Har ƙauye an kira an faɗa, Innarmu kwana biyu tana karɓar gaisuwa. Salisu ya rantse da Alƙur'ani muryata ce, har rigar da ke jikina a lokacin da muke maganar ita ce ya gani.

Na bincika daga baya, ba abin da ya sami jirgin nan, lafiya ya isa da mutanensa. Nana tana nan da ranta, ta girma tana lakwal, ba ta san komai ba, uban ya hana a faɗa mata. Malaman da na tambaya kowa da abin da yake cewa, ba wanda ya gamsar da ni. Abin da ya fi damuna shi ne waɗancan biyun da suka sauko daga jirgi, ina suka nufa bayan nan? Har yau in wani ya ce mini, "Ai na gan ka jiya a wuri kaza," alhali ban je ba, sai bakina ya bushe.

Don haka 'yan'uwa, in za ku yi doguwar tafiya, ku tsara ta da kyau, ku tambayi waɗanda suka san hanya, amma ku riƙe addu'ar fita gida, musamman in da ƙananan yara. In kuma kun zo bakin abin hawa zuciyarku ta ƙi, ku ja da baya, ko za a yi muku dariya. Allah ya tsare mu da abin da muke gani da wanda ba mu gani.